Yadda Za Ki Tsare Kajin Gida Daga Shirwa, Shaho Da Tunku

Kaza ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma, kowa a gida yana murna. Kafin wata biyu ya cika sai ki ga uku kaɗai ke bin bayanta. A gidaje da yawa an saba da wannan har an daina lissafa shi cikin asara, sai a ce ai haka kiwon sake ya gada. Ni ban yarda ba. Cuta da sanyi suna cin nasu rabon, amma abin da ake ɗaukewa da rana tsaka, ana ji ana gani, shi ya fi sauƙin tsarewa. Yawancin kayan aikin ma suna nan cikin gida: kara, zana, igiya, tsohuwar raga.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne ba dukkan kajin ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Shirwa nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, don haka ba ta iya tashi da babbar kaza. 'Yan tsaki take farauta, shi ya sa aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Idan kika zuba ƙoƙarinki kan makonni shida na farkon rayuwarsu, kika kuma gyara filin da suke kiwo, kin toshe babbar kafar asara ba tare da kin kulle manyan kaji ba.

Fara da gano mai ɗaukar

Kada ki kashe ko kwabo kafin ki san da wa kike yi, domin abin da ke tare na sama ba ya tare na ƙasa. Kowane mafarauci yana da irin sawun da yake bari.

Shirwa ba ta barin komai. Tana shawagi a sama, jelarta da ɗan tsagu a tsakiya, sai ta kawo sura sau ɗaya ta wuce da ɗan tsako a ƙafa. Abin da za ki ji kawai shi ne ihun uwar. Tana yawaita kusa da mahauta da bola da wurin da ake ƙona daji, kuma ba ta jin tsoron mutane. Tana iya sura a gaban mai tankaɗe. Shaho kuwa ɗan kwanton ɓauna ne. Yana laɓewa cikin darbejiya ko kan bango, ya jira, sannan ya taso ƙasa-ƙasa da gudu. Yakan iya da 'yar budurwar kaza wadda ta fi ƙarfin shirwa, kuma in abin ya yi masa nauyi a nan zai fige shi ya ci. Tarin gashi a gindin bishiya ko bayan rumbu aikinsa ne. Hankaka ya fi ɓarna a kan ƙwai da 'yan tsakin da ba su wuce mako ɗaya ko biyu ba. Sau da yawa biyu suke zuwa, ɗaya ya ɗauke wa uwar hankali, ɗaya ya ɗauka. In kika ga ɓawon ƙwai da aka huda aka shanye, hankaka za ki fara zargi.

A ƙasa, tunku ne babba. Da rana yake yawo, ya fi fitowa da safe da kuma yamma, yana bin gindin shinge da tarin itace da ramukan ɓera. Cizonsa a wuya ko ƙeya yake, kuma in ya samu shiga wurin da kaji ba su da mafita yana iya kashe fiye da abin da zai ci. Kare yakan yi kaca-kaca da kaza ya bar ta ba tare da ya ci ba, gashi warwatse ko'ina. Muzuru yana jan ɗan tsako zuwa lungu. Ƙwai ya ɓace ba ɓawo ba alama, to ki nemi maciji ko damo ko guza, musamman in gidan yana kusa da fadama. Idan kuwa manyan kaji masu ƙiba ne ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, babu gashi babu jini, kuma ya fi faruwa gab da ranar kasuwa, wannan mai ƙafa biyu ne, maganinsa kwaɗo da sa ido.

Ki ɗauki kwana biyu ko uku kina lura. Ƙirga 'yan tsakin safe da yamma, ki kula da lokacin da uwar ke ihu da kuma ɓangaren gidan da abin ke faruwa. Yara sun fi kowa iya wannan aikin, su ne ke tsakar gida.

Killace 'yan tsaki mako shida

Wannan ne matakin da ya fi sauran duka nauyi, kuma shi mutane suka fi ƙi, saboda kazar da aka tsare sai an ciyar da ita. Amma ki auna: ɗan hatsin da 'yan tsaki goma za su ci a mako shida bai kai kuɗin kaji biyu ba, alhali sakin nasu yakan ci fiye da rabinsu.

Ki sa a yi miki keji marar gindi wanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Ga uwa ɗaya da 'ya'ya goma zuwa goma sha biyu, tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, tsayi kamar santimita 60 ya wadatar. Ana iya haɗa shi da katako ko gora ko sandunan darbejiya. Gefuna da sama duk a rufe su da ragar waya. A nan ne ake yawan yin kuskure: ragar kaji ta kasuwa mai idon inci ɗaya ko fiye tana tare shirwa, amma sabon ɗan tsako yana iya zura kai, maciji yana shiga, kare kuma yana yaga ta domin wayarta siririya ce. Ki nemi mai idon rabin inci, ko da za a sa ta daga ƙasa zuwa tsayin taƙi biyu ne kawai, sauran a cika da mai arha. Kashi ɗaya cikin uku na saman a lulluɓe shi da zana ko buhu don inuwa. Kwano shi kaɗai ba ya yi a watannin Maris zuwa Mayu, zafi zai kashe su kafin shirwa ta gan su. In shi kike da shi, ki ɗora zana a kai.

Wadda ba ta da halin waya, babban kwando da masu saƙa ke yi na kifa kaji ya isa a makonni biyu na farko. A kifa shi a inuwa, a ɗora dutse a kai don kada kare ko akuya su ture shi, a kuma duba bakinsa ya zauna daram a ƙasa.

Amfanin keji marar gindi shi ne ana matsar da shi. Kowace safiya ko bayan kwana biyu a ja shi zuwa sabon wuri, su samu sabuwar ƙasa su tona, su kuma rabu da kashinsu, wanda zama a kansa ke kawo gudawa. Duk inda aka ajiye shi, ki zagaya ki toshe duk wata kafa tsakanin katako da ƙasa da bulo ko dutse. Inda kan tunku ya shiga, jikinsa ma zai shiga. Da magariba a mayar da uwa da 'ya'yanta akurki, domin kejin na rana ne.

Abinci kuwa, in kina iya sayen na 'yan tsaki da ake sayarwa a buhu ko a mudu, ba abin da ya kai shi a makonni uku na farko. In ba hali, ki ɓarza gero ko dawa ko masara, ki haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da ɗan garin busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale. Dusa zalla ba ta gina ɗan tsako. Abin da suka fi rasawa in an tsare su shi ne ƙwari, kuma akwai tsohuwar dabara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da tattaka, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma inda gara ke fitowa, da safe a juye musu. Ki yi wannan nesa da ɗaki da rumbu, ki kuma guji manyan garar nan masu cizo. Ruwa a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. A sauya shi kullum.

Wasu sukan raba uwar da 'ya'yan bayan mako uku ko huɗu don ta koma ƙwai da wuri. Yana yiwuwa lokacin zafi. Da hunturu ki bar ta da su, ita ce bargonsu. 'Yan tsakin da aka sayo na inji, irin su Noiler, ba su da uwar da za ta koya musu gudu in inuwa ta gifta, kuma jikinsu ya fi na kajin gida nauyi, don haka su sai a ƙara musu mako biyu ko fiye.

Tunda suna hannunki, ki yi amfani da damar ki yi musu rigakafin Newcastle, cutar nan da ke share kaji da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin da ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido. Malamin dabbobi na yankinku zai gaya miki lokacin maimaitawa. Ɗan tsakon da ke jin jiki shi ke zama baya, shi kuma ake fara ɗauka.

Gyara filin kiwo

Muna son tsakar gida a share tas, kuma tsafta abu ne mai kyau. Sai dai fili fetal ba inuwa ba maɓoya, faranti ne aka miƙa wa shirwa. Kaza tana ganin abin da ke sama da wuri. Abin da take rasawa shi ne inda za ta shige cikin daƙiƙa biyu.

Ki yi musu ƙananan rumfuna. Sanduna huɗu masu gwafa, tsayinsu iya gwiwa, a ɗora kara ko tsohuwar zana. Gajartar ita ce amfanin, domin tsuntsun da ya taho da gudu ba ya iya kutsawa ƙarƙashi. A rarraba su yadda duk inda kaza take, ba za ta yi gudun da ya wuce taku biyar ko shida ba kafin ta samu mafaka. Tsohon amalanke, ƙofar kwano da aka jingina da bango, ƙarƙashin rumbu, duk suna wannan aikin. Sannan ki mayar da abinci da ruwa ƙarƙashin rumfa. Yawancin sura tana faruwa ne lokacin da kai ke ƙasa ana tsattsaga, kuma watsa hatsi a tsakiyar fili kullum a lokaci ɗaya koya wa shirwa lokacin zuwa ne.

Don gaba, ki dasa abin da ke yin duhu daga ƙasa: lalle, lemun tsami, gwaiba, ko zogale da ake sare kansa ya yi rassa. Busasshen reshen da ya miƙo saman inda kaji ke kiwo kuwa a sare shi, nan shaho ke zama.

Idan tsakar gidan ƙarama ce mai katanga, za ki iya rufe samanta. Tsohuwar ragar kamun kifi ta fi komai, a inda ake samunta. Gidan sauron da ya riga ya yage ya tashi aiki shi ma yana yi na ɗan lokaci, amma a wanke shi tukuna, kuma don Allah kada a cire wa yara mai kyau a ba kaji. In babu raga, a ja igiyar leda ko zaren buhu daga bango zuwa bango, tsakaninsu kamu ɗaya, a sake gittawa ta ɗaya ɓangaren, sama da kan mutum. Shirwa tana buƙatar sarari ta sauko ta tashi da fiffike a buɗe, kuma faɗin fikafikanta ya haura mita ɗaya, don haka takan ƙi shiga tsakanin igiyoyi. Ƙaramin shaho yana iya ratsawa, shi ya sa igiya ba ta maye gurbin keji.

Na ƙasa kuma akasin haka yake so. Shi duhuwa yake bi. Ki nome dogon ciyawa taku uku ko huɗu kewaye da akurki da gindin shinge, a ɗaga tarin itace da kara daga ƙasa ko a matsar da su nesa, a toshe ramukan ɓera da na kwata da raga. Wato mafakar kaji ta zama mai rufi a sama, buɗe a gefe, yadda suna ciki suna hango abin da ke tahowa. Idan kina da shingen waya, a binne gindinsa taƙi ɗaya ko a kwantar da shi waje a danne da duwatsu saboda masu tono.

Lokaci ma yana sauya inda haɗarin yake. Da damina shuka da ciyawa suna rufe kaji daga sama, amma tunku da maciji sun samu hanya har bakin ƙofa. Bayan kaka, an girbe, an kwashe kara, an ƙona saura, sai sama ta buɗe. Ki karkata ƙoƙarinki yadda lokacin ya nuna.

Sai batun shara. Hanjin kaza, ƙashin kifi, ragowar yanka, mushe, duk wanda aka jefa bayan gida kiran shirwa da hankaka da karnuka ne. A binne su. A kiyaye wannan sosai a kwanakin layya. Ƙwai kuma a riƙa kwashewa sau biyu a rana, a sama wa kaji wurin yin ƙwai a cikin akurki, su daina zuwa bayan shinge.

Masu gadi

Kada ki sayar da duk zakarun. Zakara nagari rabin kiwonsa kallon sama ne, kuma kukan da yake yi in ya ga tsuntsu daban yake da wanda yake yi in ya ga kare ko maciji. Na sama dogo ne siriri, da jinsa kaji ke rugawa maɓoya. Na ƙasa kyarkyara ce a jere, sai su miƙe wuya suna dubawa. Ki koyi bambanta su, za ki san inda za ki duba tun kina ɗaki. Babban zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Haka nan in za ki zaɓi kazar da za ki bar wa kwanci, ki zaɓi wadda kika ga tana tasar wa hankaka, wadda ta saba raino 'ya'yanta su girma. Wannan hali ne da ya cancanci a riƙe shi a gida.

Zabi sun fi zakara hayaniya, ba abin da zai gifta su yi shiru. Matsalarsu yawo da nisa da damun maƙwabta. Karen gida da ya tashi tare da kaji tun yana ɗan kwikwiyo yana korar tunku da baƙin karnuka, amma wanda ya taɓa kashe kaza kada a sake barinsa da su ba kowa. In na maƙwabci ne ke ɓarna, a je a yi magana cikin mutunci tun karon farko, in ta ƙi a kai wa mai unguwa.

Dabarun da ke taimakawa kaɗan

Akwai masu rina 'yan tsaki da galura ko da GV, shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, don shirwa ta kasa gane su. Mutane da yawa suna yabawa, kuma ba shi da tsada. In za ki yi, a bayansu kawai za ki shafa da auduga, da hantsi, a bar su su bushe a rana. Kada a tsoma su, kada ya taɓa ido. Launin yana tafiya in sabon gashi ya fito. Ni dai ina ɗaukarsa ƙari ne a kan keji. Haka rataye tsofaffin faifan CD da gutsuren madubi da mutum-mutumi: suna aiki kwanaki kaɗan, sannan tsuntsu ya gane ba komai ba ne, hankaka ma ya fi saurin ganewa. In za a yi amfani da su sai an riƙa sauya musu wuri.

Guba kuwa kada ki kusance ta. Naman da aka barbaɗa wa maganin ƙwari ba ya zaɓen wanda zai ci: karen gida, kyanwa, kajin kansu, ga kuma yara suna wasa a wurin. Ungulu, wadda ba ruwanta da kaza mai rai, tana mutuwa da yawa ta wannan hanya, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin wadda muka saba gani a mahauta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Shirwa da shaho su ma suna rage mana ɓera da fara. Ko kin kashe ɗaya, wata za ta zo muddin filin yana nan yadda yake.

Sakin su, da abin yi in an kai hari

In sun kai mako shida, gashi ya rufe jiki, kada a buɗe musu gaba ɗaya rana guda. A fara da awa ɗaya ko biyu bayan la'asar, lokacin da akwai mutane a tsakar gida, kusa da rumfunansu. A ƙara lokacin a hankali cikin mako guda ko biyu. Tun suna keji ki saba musu da kira ɗaya, ko ƙwanƙwasa kwano, duk lokacin ba da abinci. Ranar da kika hango shirwa na kewayawa, wannan kiran zai tattaro su nan take. In za a fita unguwa a bar gida ba kowa, ƙanana su koma keji.

Duk ranar da aka ɗauki ɗaya, ki tsare sauran kwana huɗu zuwa mako guda. Tsuntsun da ya samu abinci a wuri zai dawo washegari, sau da yawa a daidai wannan lokacin, kuma sai ya yi ta zuwa yana komawa haka nan kafin ya sauya hanya. A cikin kwanakin ki je daidai inda abin ya faru ki duba abin da ya rasa: mafaka ce ta yi nisa, ko ciyawa ce ta yi tsawo, ko kafa ce a gindin shinge.

Wanda ya kuɓuta da rauni a ware shi, domin 'yan'uwansa za su yi ta saran wurin da suka ga ja. A wanke ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa GV, a ajiye shi wuri mai ɗumi da ƙuda ba ya kai wa, da ruwa kusa da shi. Raunin farcen shaho yakan yi zurfi fiye da yadda ake gani, don haka a ɗaga gashin ƙarƙashin fiffike a duba. In kare ko tunku ya ciji mutum wajen ceton kaza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. In kumurci ne aka tarar a akurki, a janye yara, kada a leƙa da fuska kusa domin yana feso dafi a ido. In ya fesa, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa sannan a garzaya asibiti.